Wasiƙa ga Mamana a kan zomon da za ta ajiye a ɗaki

Tudun Wada, Zariya.

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya. Innarku na gaishe ku.

Ƙaninki ya kawo mini saƙonki, cewa yara sun matsa a sayo musu zomo, ke kuma kina so a bar shi a falo yana yawonsa, tunda gidan hayar naku na Samaru ba shi da tsakar gida. Na ga gara in rubuta, don maganar waya iska ke kwashe ta, takarda kuwa kya nuna wa maigidan ku yi shawara.

Ban hana ba. Innarku dai ta riƙe baki, ta ce ita a saninta zomo a keji yake a bayan gida, in ya yi ƙiba a yanka. Gaskiyarta, haka muka taso. Amma a Turai da Amurka an daɗe ana zama da shi a ɗaki, yana kuma sabawa da mutane har ya gane mai ba shi abinci. Ta fuskar addini ma ba matsala. Namansa halal ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Sai dai ba najasa ba daban, ba ƙazanta ba daban, don haka ɗakin da kuke salla a rufe masa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: zomo ba ya kuka. Akuya in ta ji yunwa duk unguwa sai ta sani. Shi kuwa dabba ne da kowa ke farauta, Allah ya halicce shi da ɓoye ciwo don kada maƙiyi ya gane ya raunana. Zai yini a lungu yana shan wahala, ku kuna cewa yau ya yi ladabi. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ran da kika rufe ƙofa da zomo a ciki, cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyanki, ba wuyan yara ba, don su mako biyu ya ishe su ɗoki. Zomon da ake kula da shi a ɗaki yana kai shekara 8 zuwa 12. Wato babban naku da ke firamare yanzu, yana iya gama sakandare zomon na nan.

Yawancin zomayen da na ga sun mutu a hannun mutane, abinci ne ya kashe su, kuma da kyakkyawar niyya aka ba su. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su. Idan ya rasa abin tauna sai su yi tsawo su karkace, su huda masa harshe ko kumatu, ki ga yana dalalar da miyau ya daina ci. Hanjinsa kuma dole ya kasance cikin aiki dare da rana, ga shi ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce ta ƙasa. Saboda haka busasshiyar ciyawa ce tuwonsa, kada ta yanke a gabansa ko na awa ɗaya. Kyasuwa da gamba duk suna yi. Harawar gyaɗa da ta wake yana son su ƙwarai, suna kuma gina ƙanana da mai shayarwa, amma ga babban zomon da ba ya aikin komai sai kwanciya a falo sun yi maiƙo da yawa, a riƙa haɗa masa da ciyawa. Ganyen dankalin Hausa da na zogale da latas a ba shi daidai misali, a wanke, a bari su sha iska. Sabon ganyen da bai saba da shi ba a fara da kaɗan, in ba haka ba zawo ne. Kada ki yarda da ciyawar bakin titi ko ta gefen gona da damina, yanzu kowa feshi yake yi.

Karas, wanda kowa ke zaton shi ne abincin zomo, zaƙi ya yi masa yawa. Ɗan yanki ya isa. Sauran tuwo, burodi, biskit, alewar yara, albasa, duk a'a. Dusa ma kaɗan. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa kuma ki bar su da maganarsu. Yana sha sosai. Ki zuba masa a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba.

Za ki ga wani lokaci ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa. Kada ki tsawata masa, kada yara su ce ƙazami ne. Kashinsa iri biyu ne, mai laushin yana maimaita shi ne don ya kwashe amfanin da bai samu ba a karon farko. Busasshen, mai kama da ƙwallaye, shi ne abin da za ki duba kowace safiya. In ya ragu, ko ya ƙanƙance, ko zomon ya yi awa 12 bai ci ba, ba a kwana. Kuna da sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan kusa da ku. Abin da na hana ki ɗaya ne: kada ki ɓare kafson mutane ki ɗura masa. Amoxicillin da danginsa, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, shi ma ya bi su.

Sai zafi. Hunturu bai cika damunsa ba in iska ba ta buga shi kai tsaye, bazara ce abin tsoro. Ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar awo ya haura digiri 30 ya fara galabaita. Ke kin san yadda Maris da Afrilu suke a garin nan, balle a ɗakin kwano an ɗauke wuta. Ki bar masa siminti ko tayil ya miƙe a kai, ki ajiye tulu ko randa a lungunsa ya jingina, in da ƙanƙara a naɗe gora da tsumma a sa masa. Ranar da za ku fesa maganin sauro ko ku kunna na hayaƙi, a fitar da shi tukuna.

Gidan ma sai kin shirya shi. Zomo yana ganin waya zai sa haƙori: ta caja, ta fanka, ta firji, ta sola. Ko ya kashe kansa ko ya jawo gobara. A ɗage su sama ko a zura su cikin bututu. Tabarma da gefen kafet da littattafan maigidan duk abin ci ne a wurinsa. Maganar bayan gida kuwa da sauƙi, shi da kansa yake zaɓar kusurwa ɗaya. Inda ya zaɓa nan za ki sa roba mai faɗi da takarda da ciyawa, ki riƙa zubarwa kullum, don fitsarinsa akwai zarni. Ki sani kuma da asuba da magariba yake wasansa, da rana barci yake, kada yara su dame shi.

Ki hana su ɗaukarsa ta kunne yadda 'yan kasuwa ke yi. Ƙashin bayansa ba ƙwari, in ya yi harbi yana reto yana iya karyewa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, a manna shi a jiki. Mafi kyau ma su zauna a ƙasa ya zo da kansa.

Zomo ba ya son kaɗaici, biyu sun fi ɗaya. To amma kada mai sayarwa ya haɗa ki da mace da namiji. Tun suna wata 4 zuwa 6 suke fara barbara, goyon cikinsu kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma zomanya tana iya ɗaukar wani washegarin haihuwa. A Ostareliya wani Bature ya saki guda 24 a 1859 don farauta, har yau ƙasar ba ta gama da jikokinsu ba. Maza biyu kuma faɗa za su yi ta yi. Ki nemi mata biyu 'yan ciki ɗaya, ko likita ya fiɗiye namijin, a raba su wajen wata guda bayan aikin.

Wajen saye, kada ki karɓi wanda bai kai mako 8 ba, komai kyansa. Ki leƙa cikin kunne ko akwai ɓawon ƙazuwa, ki duba hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. In kina son sanin iri mai kyau, ma'aikatan cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika sun san zomo. Na mafarauta kuwa ki bar musu. Zomon daji jinsinsa daban ne da na gida, wanda asalinsa daga Sifen da Fotugal yake, kuma na dajin ba ya sabo, tsoro ne zai kashe shi a ɗaki.

Akwai maganar da nake so ku yanke da maigidan tun kafin yara su raɗa masa suna: na yanka ne ko na zama? Duka biyun halal ne. Abin da ba na so shi ne a bar yara su shaƙu da shi shekara biyu, ran nan a yi baƙi su dawo makaranta su tarar da shi a tukunya. Ku kuma tambayi mai gidan hayar kafin ku sayo.

In kun yanke shawara ki aiko, akwai harawa da ciyawar da muka ajiye wa tumaki tun kaka, ƙaninki zai kawo muku dami biyu. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Babanki.