Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya zagaya da mu tsohon garin Napoli da sunan "piza da tarihi"

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na riga na aiko muku da wannan koke da Italiyanci, sai kuka mayar mini da amsar da kowa ya gani ya san na'ura ce ta rubuta ta: godiya da "ra'ayina mai muhimmanci", da tayin ragin kashi 10 cikin ɗari idan na sake sayen tikitinku. Shi ya sa na fito da maganar fili, kuma da Hausa, don 'yan'uwanmu mazauna Italiya da masu zuwa ziyara su san abin da za su tambaya kafin su cire kuɗinsu. Na sakaya sunanku, na sakaya na yaron da ya jagorance mu, domin gyara nake so da haƙƙina.

Na jima ina aiki a arewacin ƙasar nan. Yayana da matarsa suka zo mini ziyara, na ce ba za su koma gida ba sai sun ga Napoli. Yaya malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum ne da in ya ga tsohon bango sai ya tsaya ya tambayi wanda ya gina shi. Tallanku ya yi alkawarin abu uku: tawaga ƙarama da ba za ta wuce mutum 12 ba, ɗanɗana piza iri-iri a wurare daban-daban, da jagora masanin tarihin gari. A takardar rajista akwai gurbin da kuka ce a rubuta abin da mutum ba ya ci. Na rubuta ɓaro-ɓaro cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade ko kitsensa, ba ma shan giya. Kuka aiko da saƙon tabbatarwa cewa "an lura".

Da muka taru a dandalin Piazza Dante, mun haura ashirin. Wanda ya san lungunan tsohon garin ya san abin da hakan ke nufi. Titin Via dei Tribunali ƙunci gare shi, babura na ratsa mutane, masu shaguna sun baje kaya har bakin hanya. Jagora yana can gaba da 'yar tutarsa, babu lasifika, babu abin sawa a kunne, mu na baya sai dai mu ga bakinsa yana motsi. Wannan zan iya haƙura da shi. Na matsa da Yaya gaba don ya ji, kuma daga nan ne na gane ba mu yi asarar komai ba da muke baya.

Mun shiga ta ƙofar Port'Alba, wadda aka huda a ganuwar gari a 1625 zamanin mulkin Sifaniyawa. Ba a ce komai ba. Muka iso Piazza Bellini, inda ragowar ganuwar Girkawa ta ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) take kwance a rami a tsakiyar dandali, an kewaye ta da ƙarfe. Yaya ya leƙa, ya ce in tambayar masa waɗannan manyan duwatsu na mene ne. Jagoranku ya ce "tsofaffin duwatsu ne na Romawa", ya ce mu hanzarta layi na jiran mu. Ba na Romawa ba ne, kuma allon bayani yana nan kafe a gefensa. Girkawa ne suka kafa garin, kuma miƙaƙƙun titunan nan da muke tafiya a kai, Tribunali da Spaccanapoli, shatarsu ce tun wancan zamani. Saboda wannan tsari da abin da aka gina a kansa ne hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1995. Mutumin da kuke biya don ya faɗi wannan bai faɗa ba.

Abin da ya sani shi ne ƙwallo. Da ya ji daga Najeriya muke, sai "Osimhen! Osimhen!" har da tafi. Mun yi dariya, mun ji daɗi, ai ɗanmu ne, kuma babu mai musun abin da ya yi wa ƙungiyar ƙwallon Napoli a 2023 da suka ɗauki kofin Serie A karon farko tun 1990. Amma a Piazzetta Nilo ya ja mu wajen ɗan akwatin da aka ajiye gashin Maradona a wani shagon kofi, muka ɓata lokaci ana hoto, alhali ga gunkin kogin Nilu a gabanmu, tsoho mai gemu a kishingiɗe, wanda 'yan kasuwar Iskandariyya ta Masar suka kafa a unguwarsu zamanin Romawa. Baƙi daga Afirka sun zo har gaban shaidar cewa mutanen nahiyarsu sun zauna sun yi kasuwanci a wannan titi kusan shekara 1,800 da suka wuce, aka juya musu baya da shi. Ni na faɗa wa Yaya, da ɗan abin da na sani.

Tarihi ɗaya tak ya ba mu cikakke, na piza margherita: wai a 1889 mai gashin piza Raffaele Esposito ya ƙirƙiro ta don Sarauniya Margherita, ya sa tumatir da cukun mozzarella da ganyen ɗoɗɗoya don su yi launin tutar Italiya. Labari ne mai daɗi, kowa na ba da shi. Sai dai masana tarihi da dama suna shakkar wasiƙar fadar da ake kafa hujja da ita, kuma an rubuta labarin piza mai waɗannan kayan haɗi a Napoli tun kafin wannan shekara. Jagora nagari zai ba da labarin, ya kuma faɗi inda ake ja. Namu ya rantse a kai kamar yana wurin.

Gaskiya ɗaya ce, piza ta farko ta yi daɗi. Marinara ce, tumatir da tafarnuwa da man zaitun da ganyen oregano, babu cuku. Mun tsaya muna kallon mai gashi yana miƙe ƙullun da tafin hannu, ya zura shi cikin tanderun itace, ya juya shi sau biyu da doguwar cebur, ya fito da shi gefensa ya kumbura da ɗigo-ɗigon ƙuna. Matar Yaya ta ce ai ko minti biyu ba a yi ba, yaya aka yi ya gasu? Amsar mai sauƙi ce: ƙa'idar ƙungiyar masu gashin piza ta asali, wadda aka kafa a Napoli a 1984, ita ce zafin tanderu ya haura digiri 400 sosai, gashi kuma tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wannan sana'ar hannu ce UNESCO ta karrama a 2017. Jagoranku yana waje yana waya. Rabon da aka ba kowa kuwa bai kai tafin hannu ba, a garin da ake sayar da piza guda a naɗe gida huɗu a takarda kan yuro 2 ko 3.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Zangon na uku wajen piza soyayya ne, wadda suke kira pizza fritta. Wata dattijuwa ce a bakin ƙofa da babban kaskon mai, tana cusa haɗi cikin ƙullu, ta manne bakinsa, ta jefa. Aka miƙo mana da zafinta a takarda. Na tambayi jagora ko ya gaya musu maganarmu, ya ce "babu damuwa, cuku ne kawai." Yaya ya yi bismillah ya gutsura. Ni na ɓare tawa don ta sha iska, sai na ga wasu ƙananan gutsattsari masu ruwan ƙasa cikin farin cukun ricotta. Na tambayi dattijuwar da kaina. Ta ce cicoli ne, wato soyayyen kitsen alade da aka matse. Haka ake yin ta tun asali. Da ta ga fuskata ta gane, ta dafa ƙirji tana ba da haƙuri, ta ce wallahi babu wanda ya gaya mata, da ta sani da ta yi mana da tumatir da cuku zalla. Ita ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Na ce, "Yaya, tofar, akwai alade a ciki." Ya tofar a takarda, ya kurkure baki da ruwan gora, bai ce uffan ba. Matarsa ta ajiye tata, kuma daga nan har muka koma masauki ko ruwa ba ta yarda ta sha daga hannun kowa ba. Da na tunkari jagoranku, amsarsa ita ce, "Ai ɗan kaɗan ne, ku tsince shi ku ci sauran." A gaban mutane ya faɗa, har wasu suka yi murmushi.

Yaya ya fi ni sanin cewa abin da mutum ya ci bisa rashin sani babu zunubi a kansa, shi ne ma ya riƙa ba ni baki a hanya. Amma ni ne na kawo shi, ni na ce masa na rubuta kuma sun tabbatar. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, na ɗauko shi tun daga gida na sa masa alade a baki da kuɗina. Wannan kunyar ragin kashi 10 ba ya wanke ta.

Ina so ku lura cewa laifin nan da na rashin tarihin abu ɗaya ne. Wanda ya san labarin pizza fritta ba zai ce cuku ne kawai ba. Abincin talauci ne. A yaƙin duniya na biyu Napoli ta sha ruwan bama-bamai fiye da kowane gari a Italiya. Cocin Santa Chiara da muka wuce ta gabanta ba tare da an ɗaga kai ba, ƙonewa ta yi a harin 4 ga Agusta 1943, kuma a ƙarshen Satumbar shekarar mutanen gari suka yi kwana huɗu suna fafatawa da sojojin Jamus har suka fice. Bayan yaƙi tanderu da yawa sun rushe, itace da mozzarella sun yi tsada, sai mata suka riƙa soya ƙullu a ƙofar ɗakunansu suna cusa abin da ya fi araha, ricotta da ragowar kitsen alade da barkono. Har bashi suke bayarwa, ka ci yau ka biya bayan kwana takwas, kamar yadda mai ƙosan unguwa take yi wa wanda ta sani. Da yaronku ya san wannan, da ya ba Yaya labarin da ya zo nema, da kuma bai miƙa masa takardar nan ba. Haka a Piazza San Gaetano: a ƙarƙashin cocin San Lorenzo Maggiore akwai kasuwar Romawa da aka tono, da shagunanta har da tanderun gasa burodi. Yawon piza da tarihi ya wuce ta kan wannan wuri bai ambace shi ba.

Na san dokar Tarayyar Turai ta 2011 da ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, ba ta sa naman alade a ciki ba. Amma gurbin da na cike shi ne dai wanda mai ciwon gyaɗa zai cike. In saƙona bai isa ga jagora ba, nasa ma ba zai isa ba, kuma shi tofarwa da kurkure baki ba za su cece shi ba. Ku bincika ku gani, tsakanin ofishinku da jagora ne takardar ta maƙale, ko ya karanta ya yi biris.

Abin da nake nema: ku mayar mini da kuɗin tikiti uku cikakke, ba takardar ragi ba. Ku rubuto wasiƙar ban haƙuri da sunan yayana, wadda mutum ya sa wa hannu, zan fassara masa. Kada ku kori yaron, ga alama an ba shi tuta ne aka tura shi titi ba tare da horo ba. Ku koyar da shi, ku zagaya da shi wuraren da kuke kai baƙi ya tambayi kowane mai gashi abin da ke cikin haɗinsa da irin man da yake suya da shi. In ba za ku iya kiyaye abin da mutum ya ce ba ya ci ba, ku cire gurbin daga takardarku, ku rubuta a fili cewa kowa ya kula da kansa. In kuma tawagarku ta mutum ashirin ce, ku daina rubuta 12.

Lambar rajistata da rasiɗin biya suna cikin saƙon farko da na aiko muku. Zan jira amsarku zuwa ƙarshen wata. In ban ji daga gare ku ba, zan kai takardun ga ƙungiyar kare haƙƙin masu saye, in kuma nemi bankina ya bi mini kuɗina.

Na gode.

Abokin cinikinku,
mazaunin arewacin Italiya