Shaho da shirwa ma ana ƙirga su, kuma akwai yadda ake yi

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka mai farin jini mu ja hankalin masu karatu, musamman ɗaliban jami'a da malaman gandun daji, kan ƙidayar tsuntsaye masu farauta da ke ƙaura a lokacin kaka. Aiki ne mai ƙa'ida, kuma wani ɓangarensa a ƙasarmu ya kamata a yi shi.

Shaho, shirwa da gaggafa na Turai da yammacin Asiya suna barin can idan sanyi ya gabato, su nufo Afirka. Yawancinsu ba sa son kaɗa fiffike na dogon lokaci. Suna jiran rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi, sai su hau ta suna kewayawa har su yi sama, sannan su zarce zuwa wata. A kan teku babu irin wannan iska, shi ya sa suke cunkushewa a 'yan mashigai: mashigin Jibraltar tsakanin Sifen da Maroko mai faɗin kilomita 14 kacal, da Bosforus a Turkiyya, da Batumi a ƙasar Jojiya, inda Baƙin Teku ke gefe guda, duwatsu a ɗaya gefen. A Batumi ana ƙidaya tun 2008, daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma abin da ke wucewa yakan haura miliyan ɗaya a kaka guda.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hangen nesa 8x42 ko 10x42, babban madubi mai ƙafa uku don tantance nau'i, 'yar na'urar dannawa ta hannu, da takardar rubutu. Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara ƙirga garke yana tsakiyar kewayawa. Tsuntsu ɗaya zai bi ta gabansa sau uku, ya ƙirga shi sau uku. Ana haƙuri ne har su kai ƙololuwa su fara zarcewa a jere, sannan a zaɓi wani layi, misali daga inda ake tsaye zuwa kan wani dutse, duk wanda ya tsallaka shi a danna. Idan sun yi yawa ana dannawa sau ɗaya kan kowane goma, amma sai mutum ya fara ƙirga goman farko ɗaya bayan ɗaya ya riƙe girmansu a ido. A Batumi tashoshi biyu ne, Sakhalvasho da Shuamta, kuma suna magana ta oba-oba don kada garke ɗaya ya shiga lissafi sau biyu.

Da tsakar rana tsuntsayen kan yi sama har su ɓace a shuɗin samaniya, don haka raguwar adadi a wannan lokaci ba ta nufin sun daina wucewa. Bayan kwanakin ruwan sama kuma sukan ɓarke gaba ɗaya, ranar da ake buƙatar kowane hannu. Wanda bai gane nau'i ba ya rubuta cewa bai gane ba. Cika takarda da zato ya fi barin gurbi illa.

To ina ruwanmu? Da yawa a nan Sahel suke ƙare tafiyarsu. Akwai wani siririn shaho mai dogon fiffike, namijinsa ruwan toka, da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan gonaki da fadamu yana cin fara, abokin manomi ne na gaske. Amma mu ba mu da mashigi, sun bazu ko'ina, don haka hanya biyu ta rage. Ta farko ita ce makwanci: wannan shaho a ƙasa yake kwana cikin ciyawa, a tare. Mutum biyu su zauna nesa, rana tana bayansu, sa'a guda kafin magariba, ɗaya na ƙirga masu sauka, ɗaya na rubutu. Matsowa kusa yana tayar da su, lissafi ya watse. Ta biyu ita ce ƙidayar hanya, mota na tafiya a hankali ana rubuta kilomita da duk abin da aka gani. Da ita masanin tsuntsaye ɗan Faransa Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar wajen 1970, ya maimaita bayan kusan shekara 30, ya tarar ungulu da manyan gaggafa sun ragu matuƙa.

A kula da shirwa. Tamu ta gida idan ta girma bakinta rawaya ne, baƙuwar Turai baƙin baki gare ta, amma ƙaramar tamu ma bakinta da duhu, nan ake yawan ruɗewa. Hazo kuma yana rage nisan gani, sai a rubuta yanayinsa kullum, tare da lokacin farawa da na tashi, ko da ba a ga komai ba.

Roƙonmu shi ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos da sassan nazarin halittu na jami'o'inmu su tsayar da hanyoyi biyu ko uku a dausayin Haɗeja da Nguru, a riƙa bin su a mako iri ɗaya da sa'o'i iri ɗaya kowane Nuwamba.

Wassalam,
Wasu masu nazarin tsuntsaye, daga Jos