A daina auna sodar sabulu da gwangwani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana da mata masu yin sabulu a gida, da kuma 'ya'yansu da ke makaranta. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a nan Garwa, arewacin Kamaru, kafin in ajiye aiki, kuma abin da na gani a tsakar gidan ƙanwata ne ya sa na ɗauki biro.

A hunturun da ya wuce na je gaishe ta, na tarar da jikarta 'yar shekara uku tana ta susa, fatar wuyanta da ta hannuwanta ta yi ja tana saɓa. An ce iska ce, an shafa mata man kaɗe. Da na tashi wanke hannu sai na ga sabulun gidan ya yi farin gari a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri. Na ɗan taɓa shi a harshe, na ji kamar an soka mini allura. Na ce, "Ke, yaya kike auna sodarki?" Ta ce, "Yaya, yadda aka koya mana mana. Lita biyar ta man auduga, ga gwangwanin da nake ɗiba da shi. Shekara biyu ke nan ina yi." Na aro sikeli wurin mai shagon unguwa, muka ɗora abin da take zubawa. Ya kusa giram 800.

Ga yadda lissafin yake. Ƙwayar mai guda ɗaya tana cin ƙwayar soda uku, ba ƙari ba ragi. Ido ba ya ganin ƙwayoyin nan, don haka ake ƙirga su da nauyi, kamar yadda mai hatsi ba ya zama ƙirga ƙwayar gero, sai dai ya auna. Ma'aunin da masana ke amfani da shi sunansa mol. Mol ɗaya na soda giram 40 ne, uku ke nan sun zama 120. Mol ɗaya na irin kitsen da ke cikin man gyaɗa kusan giram 885 ne. In sun haɗu, jimla giram 1,005, za a sami sabulu wajen giram 913 da gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke fitowa tare da sabulun, giram 92. A tara su a gani, 1,005 ɗin ne dai. Abin da ya shiga tukunya shi ke fitowa da wata kama, kuma wannan ita ce ƙa'idar da Bafaranshen nan Lavoisier ya kafa a littafinsa na 1789, wadda ake koya wa 'yan lise, wato makarantar sakandare, a Kamaru.

In aka raba 120 da 885, kilo ɗaya na man gyaɗa yana bukatar soda kusan giram 136. Man auduga wajen 138, manja wajen 141, man kaɗe kuwa wajen 128. Kowane mai da rabonsa. Sannan lita ba kilo ba ce, domin mai bai kai ruwa nauyi ba: lita ɗaya wajen giram 920 ce. Lita biyar ɗin ƙanwata kilo 4.6 ce, iyakar sodar da za ta iya ci giram 635. Sauran fiye da giram 150 ɗin ba su sami man da za su ci ba, suka zauna cikin sabulun suna jira, har suka sami maiƙon da ke jikin yarinya.

Ba ganganci ƙanwata ta yi ba. Da can soda mai fala-fala kamar ɓawo take saye, daga baya ta koma mai ƙwaya kamar sukari, wadda ta fi zama dam a gwangwani. Gwangwanin bai sauya ba, nauyin ne ya ƙaru. Da damina kuma soda tana shan laima in aka bar ta a buɗe, sai ƙarfinta ya ragu, sabulu ya fito da laushi yana warin mai, jari ya tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗanta na gefe yana kallonmu. Yana lise, ɓangaren kimiyya, kuma yaro ne mai ƙoƙari. Na ba shi gawayi ya rubuta haɗin a ƙasa, ya daidaita shi tsaf cikin Faransanci. Sai ya ɗago ya ce, "Kawu, ashe abin da muke yi a aji shi ne sabulun Inna?" Mu malamai muna da kaso a wannan. Mun koya musu lissafin don jarrabawa, da harshen da ba ya shiga kicin, alhali misalan suna kewaye da mu. A garin Figil, nan arewacin Kamaru, ana ƙona farin dutse, kuma duk kilo 100 na tsantsarsa farar ƙasa kilo 56 yake bari, kilo 44 ya tafi iska. Manomin auduga da ya sayi buhun takin yuriya mai kilo 50, abincin shukar da ke ciki, wato naitirojin, kilo 23 ne. Duk lissafi ɗaya ne da na soda.

Ina kira ga ƙungiyoyin mata su haɗa kuɗi su sayi ƙaramin sikeli, ko da guda ɗaya ne a yi ta karɓa-karɓa. A auna man, a auna sodar, a kuma rage kashi 5 cikin 100 na sodar don sabulun wanka ya yi sauƙi a jiki. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, kada a zuba ruwa a kanta, kada kuma a jiƙa ta a tukunyar alminiyam domin tana cin ta. A bar sabulun ya sha iska mako huɗu kafin a taɓa jiki da shi.

Ƙanwata ta sake haɗi da giram 600, tsohon sabulun kuma ta bar shi don wanke tukwane. Fatar yarinyar ta warke. Edita, in za ka ba ni fili lokaci-lokaci, a shirye nake in riƙa aiko da irin wannan lissafi da Hausa, kuma zan fara da na masu haɗa manja da man kaɗe a tukunya ɗaya, don su ne suka fi zuwa gidana da tambaya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin kimiyya,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru