Wasiƙa daga Tudun Wada kan kyamarorinmu na dā

Tudun Wada, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan sai godiya, hunturu ya shigo da ƙurarsa.

Ka tambaye ni ko har yanzu ina ɗaukar hoto da kyamarar nan mai fim, Pentax K1000. Tana nan lafiya ƙalau, tunda ba abin da take nema da batir in ban da awon haske. Fim ne ya zama aiki. Wuraren wankin hoto da muke zuwa a Sabon Gari, wasu sun rufe, sauran sun koma buga hoto daga waya. Fim sai ka yi sautu daga nesa, ya iso da tsada, in kuma ya sha zafin bazara launinsa ya juye. Abin ya faro ne tun daga sama. Kodak, kamfanin da ke yin fim, ta daina yin fim ɗinta mai launi na Kodachrome a 2009, a 2012 kuma ta kai kanta kotu saboda bashi ya yi mata katutu, alhali injiniyanta, Steven Sasson, shi ya fara haɗa kyamarar dijital tun 1975.

Don haka na sayi dijital ta hannu, irin marar madubi a ciki. Abin da ya faranta mini rai shi ne wani zoben ƙarfe da ake ɗaura mata, sai tsohon gilashina na gaban kyamara mai milimita 50 ya zauna daram. Da hannu nake saita shi kamar dā. Alfanunta ba ya ɓoyuwa: kana ɗauka kana gani, in magariba ta yi sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haskenta, ba sai ka canja fim ba. Sai dai ƙura ce abokiyar gabarta. Kana cire gilashi a hunturu sai ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, kowane hoto ya fito da ɗigo baƙi a sararin sama, a wuri guda. Fim ba ya haka, don kowane ɗauka sabon wuri yake hawa.

A hawan sallar bana a ƙofar fada na ga samari suna danne maɓalli ba ƙaƙƙautawa lokacin jafi. Ban ga laifinsu ba, wasunsu ma sun iya ƙwarai. Amma wanda ya saba da fim mai ɗauka 36 ya san jiran lokacin da mahayi zai ja linzami, doki ya turje, ƙura ta tashi. Shi nake koya wa yaran da ke bina.

Babbar damuwata ita ce mutane sun daina wanke hoto. A yi biki, a yi suna, komai na cikin waya, ran da aka sace ta ko kati ya lalace shi ke nan. Ga negatif ɗinmu kuwa, wato fim ɗin da aka wanke, a ambulan, har yau da ransu. Na fara kwafe su: in ɗora a kan farin gilashi mai fitila a ƙasa, in ɗauka da dijital, in juya launin a kwamfuta. A ciki na tarar da hawan marigayi Sarki Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, Allah Ya jiƙansa, da wani ɓangaren ganuwa da yanzu ya zaizaye.

Roƙona gare ka, ka duba naka, musamman na zamaninmu a Samaru. Laimar garinku tana sa su fumfuna. Ka riƙe su ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar, kada kuma ka ɗaure su da roba. In ka sami amintaccen mai zuwa gida, ka aiko mini, zan kwafe in wanke maka waɗanda suka fi kyau.

Ka gaishe da mutanen gida, su Hajiya ma suna gaishe ku.

Wassalam,
Amininka