Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Karatun Mata da Rijiyar Marigayiya Inna

Assalamu alaikum. Wannan shi ne bayanin da kwamitin aiki ya yi alkawarin gabatarwa ga iyalan marigayiya Inna, da matan ajinta, da duk wanda ya taimaka da kuɗinsa ko da ƙarfinsa. Alhamdu lillahi, babban aikin ya kammala, an miƙa makullai, karatu kuma ya dawo.

Wanda bai san Inna ba zai yi mamakin yadda jama'a suka taru haka a kan ɗaki ɗaya da rijiya. Kaka ce ga 'ya'yan 'ya'yanta, kaka ce kuma ga yara da yawa da ba ta haɗa jini da su ba, marayun da ta riƙe har suka zama mutane. Ta daɗe tana shugabantar ƙungiyar mata. Idan aure ya yi tsami, ita ake kira. Idan naƙuda ta tashi cikin dare, ƙofarta ake bugawa, ta raka mai ciki asibiti, ta kwana a can. Idan aka cire yarinya daga makaranta, sai ta je ta zauna da uban, ba faɗa ba hayaniya, kuma ba ta tashi sai an sake shawara. Amma abin da ta fi ba ƙarfinta shi ne ajin matan da girma ya riske su ba su iya karatu ba. Ita kanta sai da ta ga jika sannan ta koyi rubuta sunanta, shi ya sa ba ta taɓa bari a yi wa mai koyo dariya ba. Ta yanki wani ɓangare na gidanta ta ba wannan ajin, ta bar rijiyarta a buɗe ga kowa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan rasuwarta an kawo shawara biyu. Wasu sun so a tayar da sabon gini mai babbar ƙofa, a rubuta sunanta a sama. Jikokinta da matan aji suka ce a fara ceto ɗakin da take koyarwa a ciki, domin ya kusa faɗuwa. Kwamiti ya bi ra'ayi na biyu, kuma har yanzu muna ganin shi ne daidai. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi wa mamaci addu'a. Rijiyar da ajin suna cikin biyun farko, kuma da hannunta ta kafa su. Namu kawai kada mu bari su mutu.

Da magini ya duba, sai ya ce ciwon ba a bango yake ba, a ƙasa yake. Rufin ba shi da indararo, saboda haka kowace damina ruwa yana zuba a gindin bangon baya, ƙasa ta yi laushi, harsashi ya zauna ta gefe ɗaya, bango ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa. Danshi kuma yana hawa cikin bulo, ga farin gishiri ya fito, yaɓe yana ɓarewa. A sama gara ta cinye katakon rufi, wasu da hannu ma ake marmashe su. Da cike tsagar aka yi aka shafa fenti, da ɗakin ya yi kyau a ido, damina ɗaya kuma ta mayar da mu inda muka fito.

Sai aka rushe bangon baya gaba ɗaya, aka haƙa har aka taras da ƙasa mai tauri. Kankaren harsashi an kwaɓa shi awo 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa; na linta, wanda aka sa wa rodi, 1 da 2 da 4. An shimfiɗa leda mai kauri kafin a yi daɓe don tare danshi. Bulon inci 9 aka yi amfani da shi, kuma sai da muka mayar da kashin farko da aka kawo, domin da an ɗan kankare shi da ƙusa sai ya zube. Buhun siminti kilo 50 ne ko'ina, amma wasu masu buga bulo suna miƙa shi ya fitar da fiye da abin da zai iya ɗauka. Muna faɗin wannan don amfanin duk wanda zai yi gini nan gaba.

Mun san an yi ƙorafin jinkiri, musamman lokacin da aka ga ma'aikata ba sa komai sai yayyafa ruwa safe da yamma. Wannan ma aiki ne. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Matan aji ne suka ɗauki nauyin ban ruwan nan, ba su taɓa fashi ba.

Kafinta ya sa sabon katako da aka shafe da maganin gara, aka buga sabon kwano, aka sa indararo mai kai ruwa cikin magudana nesa da bango. An zagaye ginin da daɓen kankare mai ɗan gangara zuwa waje. An kuma buɗe taga ta biyu daura da ta farko don iska ta riƙa ratsawa.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin tsarin farko, wanda kuma ya fi komai taɓa zuciyarmu. A shekarunta na ƙarshe ƙafa ta hana Inna hawa matakalar ɗakin, jikokinta ne suke ɗaga ta a kan kujera su shigar da ita, kuma duk da haka ba ta daina zuwa ba. Babbar jikarta ce ta tuna mana cewa akwai tsofaffi da dama da suka bar ajin saboda wannan matakalar, su ba su da mai ɗaga su. Aka fasa ta, aka yi hawa mai sauƙi: duk tsayin taku 1, an ba shi tsawon taku 12, wanda shi ne ma'aunin da ake bi don keken guragu, da ƙarfen riƙo a gefe. Ya ci wuri, ya ci siminti, dalilinsa ne ma aka ɗage fentin waje. Ba mu yi nadama ba. Tun makon da aka buɗe, wasu daga cikin tsofaffin nan sun dawo.

Rijiya kuwa an yashe ta, an ɗaga bakinta, an yi mata daɓe mai gangara da murfi, an zuba sinadarin kulorin kafin a sake sha. Guga ɗaya aka rataye mata, don kada kowa ya riƙa jefa nasa bayan ya ajiye shi a ƙasa. Tsohon banɗaki ya yi kusa da ita ƙwarai, aka cike shi aka haƙa sabo ta gangare. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da inda ake ɗiban ruwa, kuma ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, domin ta nan gudawa da kwalara suke samun hanya.

Littafin shiga da fita da dukkan rasit suna hannun ma'aji. Mutum biyu da ba 'yan kwamiti ba sun bi su layi-layi sun sa hannu, kuma duk mai son gani yana da dama. Muna godiya ta musamman ga samarin da suka yi lebura kyauta, da magini da kafinta da suka rage ladansu ba tare da an roƙe su ba.

Abin da ya rage shi ne fentin waje, da silin, da ƙarin benci. Ɗan canjin da ya saura an ware shi don gyare-gyare. Daga yau kula da wurin ya koma hannun mata uku da ajin ya zaɓa: su ne za su sa a share indararo da magudana kafin kowace damina, su duba katako saboda gara, su kuma tabbatar ana rufe rijiya. Mai niyyar taimakawa da benci ko silin, su zai gani.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran membobi.