A Daina Ɗaukar Fuskar Kwamfuta da Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin ma'aikatan ofis da ɗalibai game da wata ɗabi'a da nake gani kullum a shagon buga takardu inda nake aiki. Idan kwamfuta ta nuna wa mutum matsala, sai ya zaro waya ya ɗauki fuskarta, ya turo hoto mai duhu da ƙyalli wanda ba a iya karanta komai a cikinsa.

Alhali duk mai amfani da Windows 10 ko 11 yana da manhajar Snipping Tool kyauta. Da zarar ya danna maɓallan Windows da Shift da S tare, zai yanko daidai wurin da yake so, sannan ya kewaye kuskuren da jan alƙalami domin mai gyara ya gane nan take. Tun daga 2023 ma, manhajar tana naɗar bidiyon abin da ke gudana a fuskar kwamfutar a Windows 11, abin da ya sauƙaƙa mini koyar da sababbin yaran shago cike fom ta intanet, domin sau ɗaya nake nunawa su kuma su yi ta maimaita kallo. Mai buƙatar kibiyoyi da lambobin matakai kuwa, wata manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta mai suna ShareX ta ishe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri, domin na sha ganin hotuna a WhatsApp ɗauke da lambar BVN ko NIN a fili. Kafin a tura, a rufe irin waɗannan lambobi da baƙin launi mai kauri wanda ba a hango abin da ke ƙarƙashinsa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya