Kada Ka Rufe Bakin Ƙararrawar Nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Ƙafar Innarka da sauƙi.

Kawunka ya dawo daga ɗaurin auren nan da maganar da ta hana ni barci. Wai kana ba samari labari cewa ƙararrawar yoyon ruwa ta tanderun narka ƙarfe ta dame ku a aikin dare, har kun gano wayar da ake haɗawa ta yi shiru a ƙarasa narki. Wai kana faɗa kana dariya.

Ban raina kwamfutarku ba. Ita ke ɗaga sandunan lantarkin nan uku masu narka ƙarfe tana sauke su don wutar ta daidaita, ita ke auna oksijin da farar ƙasa, aikin da ya sha ƙona mana gira. Amma bangon tanderu da murfinsa bututun ruwa ne ke sanyaya su, a ƙasa kuwa narkakken ƙarfe ne mai zafin digiri 1,600. Na'urar ƙararrawar tana gwada ruwan da ya shiga da wanda ya fito. In lissafi bai cika ba, ina ragowar? Muddin ruwan da ya zubo cikin tanderu yana kwance a saman kashin ƙarfe, da sauran dama. Da zarar an karkata tanderu ƙarfe ya rufe shi, nan take zai zama tururi, ya kumbura fiye da ninki dubu, ya yi sama da murfi. Kai kana bayan gilashi cikin sanyi. Yaron da ke tsaye a bakin ƙofar tanderu fa? Shi ba ɗan wani ba ne?

Ka san abin da ya dawo da mu gida kana aji uku. Na kashe wutar tanderu, oga ya ce in kunna, na ƙi. Mun ci tuwo babu nama shekara guda, har yau wasu a gidan nan cewa suke taurin kai ne. Ni dai ban kai gawar kowa ga uwarsa ba. Karatun da na sayar da gonar fadama na biya maka, wannan ya koya maka? Wallahi na ji kunya.

Wataƙila cika baki ne irin na yaro cikin tsaransa, ina fatan haka. In ƙararrawar ta yi kuka, kashe wuta, kada ka taɓa makarkatar tanderu, fitar da mutane, a jira ruwan ya ƙafe. Ga damina ta shigo, kayan jari-bola za su riƙa zuwa a jiƙe, ka sa ido, har da tukwanen gas da ke ɓuya a ciki.

Ka kira ni ran Juma'a bayan masallaci, ni kaɗai. Ban gaya wa Innarka ba.

Mahaifinka.